Hukunci A Takarda, Nauyi A Kan Yarinya

A wannan mako za mu duba wani al'amari da ya auku a Amurka, domin akwai abin lura a cikinsa ga mai kanti da ma'aikacin gwamnati.

Tun 1896 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta halatta raba baƙar fata da farar fata a wuraren jama'a, bisa hujjar wai kowane ɓangare zai sami daidai da na ɗayan. Sa'an nan ran 17 ga Mayu, 1954, alƙalanta tara suka haɗa baki, suka ce raba yara a makarantun gwamnati saboda launi ya saɓa wa tsarin mulki. Amma yanke hukunci daban, zartar da shi daban. Aka shekara shida makarantun birnin New Orleans suna nan a rabe.

Ran 14 ga Nuwamba, 1960, wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, Ruby Bridges, ta shiga makarantar William Frantz, jami'an tsaro huɗu na gwamnatin tarayya suna mata rakiya, taron jama'a kuwa na ta zaginta a bakin ƙofa. Iyaye Turawa suka kwashe 'ya'yansu. Malamai suka ƙi koyar da ita, sai mace ɗaya, Barbara Henry, mutuniyar Boston, wadda ta zauna da ita su biyu rak a aji har ƙarshen shekarar karatu. Abincin gida kaɗai yarinyar take ci, saboda wata mata ta yi barazanar sa mata guba.

Wahalar ba ta tsaya a makaranta ba. Aka kori mahaifinta daga aikinsa a gidan mai. Kantin da suka saba sayayya ya daina sayar musu. Kakanninta a Jihar Mississippi aka tashe su daga gonar da suke nomawa suna raba amfani da mai ita.

To, a nan muke so a tsaya a yi tunani. Masu ihu a bakin ƙofa kowa ya ga zaluncinsu. Amma mai kantin nan, da hana ciniki kawai ya taya su, ya mai da abinci makami a kan iyalin da suka bi doka. Ita kuwa malamar, abin da ta yi shi ne aikin da aka ɗauke ta dominsa, alhali abokan aikinta sun juya baya. Da shekara ta kewayo taron ya watse, Ruby ta koma aji tare da sauran yara ba da rakiya ba.

Lalle alƙali yakan rubuta gaskiya a takarda, amma a hannun mai ofis da mai kanti take rayuwa ko ta mutu. Kowa ya tambayi kansa: ranar da mai haƙƙi marar gata ya tsaya gaban teburinmu, a wane sahu za a same mu? Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.