Makarantar Kasuwanci Ko Rumfar Ubangida?

Tambaya ce da ke yawan tasowa tsakanin matasanmu: wanda ya tara ɗan jari, ya kashe shi wajen neman digirin MBA, ko ya shiga kasuwa ya nemi sanayya da ƙafarsa?

Masu ganin makaranta ɓata lokaci ce suna da hujja. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro da cinikin gyaɗa ya zama hamshaƙin attajiri, ba da takardar jami'a ba. Har gobe a Kantin Kwari ana ba yaro kayan miliyoyin naira bashi saboda ubangidansa ya tsaya masa. Amana irin wannan a rumfa ake gina ta, shekara da shekaru.

Sai dai sanayyar kasuwa tana da iyaka. Waɗanda ubangidanka ya sani su za ka sani. Ɗan talaka da ba shi da mai riƙe masa hannu, da mace mai sana'a a cikin gida, sau da yawa a bakin ƙofa suke tsayawa. Wani ɓangare na abin da makaranta ke sayarwa shi ne buɗe wannan ƙofa. A Harvard ta Amurka, kuɗin karatu kawai ya haura dala dubu 70 a shekara, kuma masu biya sun san suna sayen abokan aji ne tare da darasi.

Akwai kuma abin da zama da manya ba ya koyarwa: raba kuɗin shago da na cefane, tsara lissafin da banki zai yarda da shi, da kafa kamfanin da zai rayu bayan mai shi. Gidajen arziki nawa muka ga sun watse ranar rabon gado?

Shawarata ga matashi ita ce ya fara da kasuwa, ya yi 'yan shekaru yana sanin riba da faɗuwa, domin darasi ya fi zama a kan wanda ya zo da tambaya. Sannan ya nemi karatun da ba zai raba shi da sana'arsa ba, a makarantun gida irin Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero. Amma kada ya cinye jarinsa ko ya ɗauki bashi mai nauyi saboda takarda. Wanda ya fito da digiri babu jari, shi ma rumfar wani zai koma neman aiki.