Kuskure a Bakin Aiki Ba Sata Ba Ne

Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan halin da yaran shago, masu POS da ma'aikatan gidan mai ke shiga idan tsautsayi ya faɗa musu. Yaro ya tura dubu ɗari biyu asusun da ba shi ba, kafin la'asar maigida ya riƙe albashinsa, ya kore shi, wani lokaci har a kai shi caji ofis kamar ɓarawo.

Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya hana yanke albashi saboda asara, sai in ganganci ko sakacin ma'aikaci ne ya jawo ta, kuma jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Abin da za a cire a wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Malamai ma sun ce amintacce ba ya biyan ramuwa sai in ya yi sakaci.

Ina roƙon iyayen gida su bincika kafin hukunci. Ma'aikacin da ya yi kuskure kuma ya sanar da maigida nan take, ya nemi yarjejeniya a rubuce. Wanda aka zalunta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na nan.

Naku,
Mai karatu daga Kano