Ƙurun Bature Da Takarda, Bijiminmu Ba Ko Suna

 Yau zan ajiye zancen farashi da wahalar hanya, in kawo muku labarin ƙuru. Kada wani ya ce, to mu da ke harkar shanu, ina ruwanmu da ƙaramin doki? Ku dai saurara tukuna.

Can arewacin Birtaniya akwai tsibiran Shetland, inda ake kiwon wani ƙuru da tsayinsa ba ya wuce santimita 107. A 1842 aka yi doka ta hana sa mata da ƙananan yara aiki cikin ramukan haƙar kwal. Daga nan sai masu ramuka suka koma ga waɗannan dawaki don jan kaya a ƙarƙashin ƙasa. Kasuwa ta buɗe, aka yi ta kwashe ƙarfafan, har irin ya fara lalacewa a gida. Shi ne a 1890 masu kiwo suka kafa ƙungiya, suka buɗe littafin asali, inda ake rubuta kowace dabba da ubanta da uwarta da mai ita.

Wasu ma suka bi sahu. Masu ƙurun Wales sun kafa tasu a 1901, masu ƙurun Connemara na ƙasar Ailan kuma a 1923. Waɗannan na Connemara, kowane watan Agusta suna taron baje koli a garin Clifden. Alƙalai su duba dabba, a ba da kyauta, masu saye su zo daga ƙasashen waje. Ƙungiyoyin nan suna ba da takardar shaida mai ɗauke da kamannin doki, suna kuma buga mujallu. Saboda haka mutum yana Faransa zai sayi dukushi a Ailan hankali kwance, don ya san asalinsa.

To, mu fa? Allah ya ba mu Azawak mai nono, da Jan Bororo mai jure tafiya, da Gudali mai nama, da Kuri na bakin tafkin Chadi. Amma da an shiga kara, ko a Maigatari ko a Illela ko a Mubi, duk sunansu sa. Dillali ya shafa ƙugu, a yi ciniki, a loda tirela. Da idona na ga bijimin da ya kamata a bari don iri an tura shi mahauta, har da shanu masu ciki. Kuri kuwa tana ta raguwa saboda barbara da wasu shanu. Abin da ya so faruwa a Shetland ke nan, mu kuma hannunmu na ciki.

Na san abin da za a ce: makiyayi ba ya son a ƙirga masa dabba, ya tuna jangali, kuma yau yana nan gobe ya ƙetare iyaka. Gaskiya ne. Shi ya sa littafin ya kamata ya zauna hannun ƙungiya, wanda ya ga dama ya shiga. Mu fara da bijimai kawai, a rubuta iri, da launi, da shaidar garke, da sunan mai shi, sarkin kara da likitan dabbobi su sa hannu. Masana na tashar Tukunus kusa da Filinge sun daɗe suna wannan aiki a kan Azawak, sai mu nemi shawararsu. Sau ɗaya a shekara kuma a yi gasar bijimai, wanda ya ci a hana yanka shi.

Ribarmu biyu ce. Dabba mai asali ta fi daraja wurin mai neman iri, sannan takarda tana kare falke daga sayen kayan sata da tsaiko a kan iyaka. Ina roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin taro mai zuwa. In iri ya ƙare, me za mu kai kasuwa? In kunne ya ji, jiki ya tsira.