Ɗan ƙanwata ya ƙera na'urar wasa, ni kuma na ji kunya

Akwai abin da ya faru a gidanmu nan Maradi da ya tsaya mini a rai, na ga ya dace in kawo shi nan, don na san ba gidanmu kaɗai ba ne.

Watannin baya mijin ƙanwata ya kira ni ransa a ɓace. Ya ce: "Yaya, ka zo ka yi wa ɗanka magana. Bana zai yi birbe, amma ya mai da ɗaki bola, daga wayoyi sai matattun salula. Har dutsen gugar uwarsa ya ɗauke." Na tafi da niyyar faɗa, wallahi har na shirya abin da zan ce tun a hanya. Ina shiga, yaron ya miƙo mini wani abu da ya sa cikin robar sabulu, da gilashin tsohuwar Nokia a gaba da madannai shida. Ya ce: "Kawu, danna nan." Na danna, sai ga maciji yana tafiya yana cin ɗigo, irin wasan nan da muka ƙare ƙuruciyarmu a kansa a Nokia 3310. Na ce a ina ka sayo? Ya ce: "Ban saya ba Kawu, ni na yi. Allon cikin ma ni na zana."

Faɗan da na zo da shi ya maƙale. Kuma ga abin da nake son in faɗa a wannan rubutu: yaron da ya zauna ya zana allon lantarki da kansa, ya liƙa kayansa, ya rubuta umarnin da ke tafiyar da shi, yana koyon ainihin sana'ar da ƙasar nan ke neman masu ita ido rufe. Don abin da ya ƙera na wasa ne, bai kamata mu kore shi da sunan ɓata lokaci ba.

Bari in gaya muku yadda abin yake, kamar yadda ya bayyana mini, ni ma na je na bincika. Allon lantarki shi ne wannan faranti, galibi kore, da kake gani in an buɗe cikin rediyo ko salula. Siraran layukan da ke kwance a kansa jan ƙarfe ne, su ne hanyoyin da wuta ke bi daga wannan kaya zuwa wancan. Mai gyara yana aiki ne a kan allon da wani ya zana. Shi kuwa mai zanawa, shi ke yanke shawarar inda kowace hanya za ta bi, ba tare da biyu sun haɗu inda bai kamata ba. Akwai manhaja ta kyauta da ake wannan zane da ita, sunanta KiCad, wani malami Bafaranshe, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992, kuma tana aiki da Faransanci. Da ita yaron ya yi zanensa, a tsohuwar kwamfutar wani mai gyaran salula da yake zama wurinsa in ya taso daga lakwal.

Daga nan sai a buga zanen a takarda mai santsi da injin buga takarda mai garin tawada, a kifa ta a kan faranti mai lulluɓin jan ƙarfe, a bi da dutsen guga har tawadar ta manne. Kun ji inda dutsen gugar ƙanwata ya tafi. Sai a tsoma farantin cikin wani ruwan sinadari mai cin jan ƙarfe. Duk inda tawada ta rufe ya tsira, saura ya narke, hanyoyin su fito. A huda ramuka, a zura ƙafafun kaya, a liƙe da dalma.

Allonsa na farko bai yi ba. Ya manta cewa in ka kifa zane yana juyawa kamar rubutu a madubi, sai ƙafafun ƙwaƙwalwar suka faɗa a baibai. Na biyu ya bar shi ya daɗe cikin sinadarin, wata siririyar hanya ta yanke, ya kwana biyu yana bin layuka ɗaya bayan ɗaya da mita kafin ya gano inda wutar ta tsaya. Na uku ne ya tashi. Ko da ya tashi, in ka danna sau ɗaya sai macijin ya juya sau biyu ko uku, domin ƙarfen cikin madanni yana ɗan rawa kafin ya zauna, ƙwaƙwalwar kuma tana ƙirga kowace rawa. Sai da ya koya mata ta ɗan dakata bayan kowane danni. Ba wanda ya ba shi wannan a matsayin aikin gida, kuma ba maki a ciki.

Ƙwaƙwalwar da ya sa, ATmega328P, ita ce ke cikin allon Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗalibai su koyi lantarki ba tare da kashe dukiya ba. Wurin ajiyarta na aiki bai wuce bayit 2048 ba. Gilashin Nokia ɗin yana da ɗigo 84 a kwance, 48 a tsaye, wato ɗigo 4032, kuma riƙe hotonsu kaɗai na cin bayit 504, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wurin ke nan. Sauran ne zai ɗauki macijin da abincinsa da makin ɗan wasa. Wannan lissafi yaron ya yi mini shi da baki, yaron da ake cewa ba ya son lissafi a aji. Batirin lithiyom kuma in ya cika yana kai bolt 4.2, gilashin ba ya son abin da ya wuce 3.3, dole ya sa abin da zai rage ƙarfin wutar. Ashe dokar Ohm da ake haddacewa don jarrabawa tana da amfani, ranar da ka ji tsoron ƙona gilashin da ba ka da wani.

Kar kuma wani ya raina abin don kayansa tsofaffi ne. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy a watan Afirilun 1989, ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi. Gilashinsa ba launi, ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, yana cin batir huɗu. Abokan gasarsa, Lynx na Atari da Game Gear na Sega, sun zo da gilashi mai launi, amma batir shida suke sha cikin ƴan awoyi, ga tsada. Game Boy ne ya cinye kasuwar: shi da wanda ya gaje shi mai launi, an sayar da sama da miliyan 118. Ra'ayin Yokoi shi ne a ɗauki fasahar da ta riga ta tsufa ta yi araha, a nemo mata sabon aiki. A 2014 wani matashi a Faransa, Aurélien Rodot, ya fito da Gamebuino, na'urar wasa ta hannu mai irin wannan ƙwaƙwalwa da irin wannan gilashin Nokia, ya bar zanenta a buɗe ga duk mai son koyo. To mu da tsofaffin salula suka cika mana akwatunan masu gyara daga Maradi har Damagaram da Tawa, wa ya fi mu dacewa da wannan tunani?

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ba zan ce ba su da gaskiya ba. Muna ganin yara sun duƙufa kan salula dare da rana, karatu ya lalace, wasu har sun faɗa cacar ƙwallo. Tsoron mijin ƙanwata tsoro ne na uba, kuma birbe ba abin wasa ba ne. Sai dai a duba da kyau. Mai buga wasan da wasu suka ƙera, lokacinsa da kuɗin katinsa yake ba su. Shi wannan yaro, na lura bai fi minti biyar yana buga macijin ba, sai ya kashe ya buɗe robar yana tunanin yadda zai ƙara masa sauti. Daɗin da yake ji a ƙirar yake. Abin da ya kamata uba ya yi shi ne ya raba masa lokaci, ga na karatu ga na aikin hannu, maimakon ya tattara kayan ya watsar.

Wani kuma zai ce: ai duk da haka ƙwaƙwalwar daga waje ta zo, gilashin ma haka, me ya ƙera? Gaskiya ne, ba mu da masana'antar da ke yin waɗannan, kuma ƙasashen da ke da ita a duniya ƴan kaɗan ne. Amma tela ma ba shi ke saƙa shadda ba, ba wanda ya ce masa ba shi da sana'a. Kusan duk abin da muke dogaro da shi yanzu yana da allo a cikinsa: akwatin da ke daidaita cajin faifan sola, injin da ke juya wutar batir ta zama ta gida, famfon ban ruwa mai aiki da rana, firjin ajiye allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Da yawa daga cikinsu in sun tsaya, ƙaramin abu ne ya ƙone a kan allon, amma sai a jefar a sayi sabo, don ba mai iya bin layukan. Mun ga yadda aka koma kan sola gadan-gadan tun da wutar Najeriya ta yanke a watan Agustan 2023. Hannun da ya bi layin da ya yanke a na'urar maciji, shi ne zai bi na akwatin sola gobe.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne da ya shugabanci ofishin makamashin rana, ONERSOL, inda aka riƙa ƙera tukunyar dafa abinci da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da rana, tun kafin duniya ta fara rububin sola. Tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya soki karatun da ya rabu da rayuwar jama'a da aikin hannu. Mu kanmu da muke yara mun yi motocin kara da na langa-langa, har da sitiyari da tayoyin murfin kwalba. Basirar tana nan. Abin da ya canza shi ne kayan aikin, su kuma ba a tsinto su a bola duka.

Nan ne matsalar take. Allon Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a 2021 kuma ya ninka ƙwaƙwalwar yaron nan ƙarfi nesa ba kusa ba, dalar Amurka 4 ne kuɗinsa, bai kai jika uku ba. Masana'antun birnin Shenzhen na Sin suna buga maka allon da ka zana, mai kyau irin na kamfani, guda biyar a kan ƴan daloli. Amma kafin abin ya iso hannun yaro a Maradi, sai ya sami mai katin banki da zai biya masa, sai kuɗin aike da ya ninka na kayan, sai jiran makonni. Ɗan ƙanwata sai da ya roƙi wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya taho masa da faranti da sinadarin. Yaran da ba su da wanda za su roƙa fa? Ƴan mata fa, da ba za a bar su su zauna rumfar mai gyaran salula ba? Kusan rabin jama'ar ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Nawa ne cikinsu suke da irin wannan kai, ba su taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba?

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Makarantun koyon sana'a da na fasaha, da jami'o'inmu na Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, su buɗe ɗakin aikinsu ko da yini ɗaya a mako ga ƴan kwaleji da ƴan lise, maza da mata, ɗalibansu manya su riƙa nuna musu. Tebur ɗaya, mita biyu, ƙarfen dalma kaɗan da kwamfuta ɗaya sun isa a fara. Ƴan kasuwarmu masu sayo kaya daga Sin da Dubai su gwada kawo ƙananan kayan lantarki na koyo, ba caja da murfin salula kaɗai ba. Hukuma ta duba yadda za a sauƙaƙa harajin duwan a kan irin waɗannan kaya in na makaranta ne. Masu gyaran salula da rediyo kuma, su ne malaman farko na wannan fanni a garuruwanmu, a riƙa gayyatarsu, a ba su girmansu.

Akwai kuma dalilin tsaro da ya sa bai kamata a bar yara su kaɗai a ɗaki ba. Yawancin dalmar da ke kasuwa tana da gubar da ke taruwa a jiki, dole a wanke hannu kafin a ci abinci, a yi aikin inda iska ke shiga. Sinadarin nan yana ɓata fata da tufafi, ba a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, ba a ajiye shi inda ƙananan yara za su kai hannu. Batirin lithiyom kuwa in aka huda shi, ko aka haɗa bakinsa biyu, ko aka yi masa caji ba tare da abin kariya ba, yana iya kamawa da wuta. Hana yaro ba ya kawar da wannan haɗari, ɓoyewa kawai zai yi ya ci gaba. Babba a kusa shi ne maganin.

Ranar nan da na fito daga ɗakin, mijin ƙanwata ya tare ni ya ce: "Yaya, ka yi masa faɗan?" Na ce masa a'a, ka zo ka gani da idonka. Ya shiga ya daɗe bai fito ba. A ƙarshe muka yi yarjejeniya mu uku: ranakun lakwal karatu, Asabar da Lahadi aikin allo, kuma a tsakar gida, ba a ɗaki ba. Ni na ɗauki nauyin sabon dutsen guga, ƙanwata ta ce tsohon ya riga ya zama nasa.

In akwai irin wannan yaro ko yarinya a gidanku, dan Allah kafin ku ce a share tarkacen nan, ku zauna ku ce ya nuna muku yadda abin ke aiki. Allah ya sa mu dace.