Ki sha ruwa, Legas da nisa

'Yar'uwa, daga Jahun zuwa Legas, sai kin sauya mota a Kano tafiyar ke farawa. Zariya, Kaduna, dare ya raba, ke da goyo a cinya, ƙafa ta kumbura. Na san dabararmu: ƙin shan ruwa tun asuba, don a bakin daji direba ke tsayawa, maza su sauka, mu kunya ta ɗaure mu. Mai shayarwa ta fi jin jiki. Kai na sara, yaro na tsotso yana kuka. Tun a tasha ki haɗa baki da sauran matan, ku ce masa a gidan mai mai banɗaki za a tsaya. Zai yi ƙunƙuni, amma in kun kai biyar zai taka birki.