RA'AYINMU: Cizon Kare Ba Abin Wasa Ba Ne

Duk wanda ya san Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukan da ke jere a bakin Gulbin Rima ya san cewa karnuka suna nan tare da mu dare da rana. Mafarauta suna da nasu, makiyaya suna da nasu, manoman shinkafa a fadama suna ajiye su don tsaron bukka da amfanin gona, a cikin gari kuma mutane da yawa sun koma kiwon kare saboda tsoron ɓarayi. Ban da waɗannan akwai waɗanda ba a san mai su ba, suna yawo a juji da mahauta da wuraren gyaran kifi. A hanyoyin nan da karnukan ke bi, nan yaranmu ke bi zuwa makaranta da ɗiban ruwa da talla da kai abinci gona. Saboda haka muka ga ya wajaba mu ja hankalin iyaye da masu karnuka da hukuma a kan wannan al'amari da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi.

Babban abin tsoro a cizon kare shi ne cutar haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jikin mutum ta wurin cizo ko yagushi, ko kare ya lashi wani rauni, sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamunta su fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A cikin wannan tsakani raunin ya warke, kowa ya manta. Sai wata rana yaro ya fara zazzaɓi, wurin cizon ya riƙa yi masa zafi ko ƙaiƙayi, ya shiga firgita, yana jin ƙishirwa amma da ganin ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ko iska ta taɓa shi sai ya razana. Da zarar an kai nan, kusan babu mai tashi. Amma kafin a kai nan, allurar rigakafi tana tare cutar sarai. Wato ran yaro ya rataya ne a kan abin da iyayensa suka yi a ranar da aka cije shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 59,000 ne cutar ke kashewa kowace shekara, kuma kashi 95 cikin 100 nasu a Afirka da Asiya suke. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin da ya sa yara suka fi shan wahala a fili yake. Yaro gajere ne, saboda haka kare yakan kama shi a fuska ko wuya ko hannu, kuma gwargwadon kusancin cizo da kai, gwargwadon saurin isar cutar ƙwaƙwalwa. Yaro bai san karanta halin kare ba. Sa'an nan kuma yaro yakan ɓoye ƙaramin rauni don tsoron bulala.

A nan ne muke so iyaye su tsaya su yi tunani. Gidan da ake dukan yaro idan ya dawo da cizon kare, ana cewa shi ya je tsokana, gida ne da ake koya wa yara yin shiru. Yaron da ya yi shiru yau a kan ɗan yagushi yana iya zama wanda za a rasa bayan wata uku. Ya kamata kowane uba da kowace uwa su gaya wa 'ya'yansu a fili cewa duk wanda kare ko kyanwa ta cije shi, ko ta yage shi, ya zo ya faɗa nan take, ba za a taɓa lafiyarsa ba. Faɗa yana iya jira har a dawo daga asibiti.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai 'yan ka'idoji kaɗan da yaro ɗan shekara huɗu ma zai iya riƙewa idan ana maimaita masa. Na farko, a daina jifan kare. Wannan ɗabi'a ta zama wasa a unguwanninmu, manya na gani suna dariya, alhali kuwa karen da aka saba jifa yakan ɗauki kowane yaro a matsayin abokin gaba, kuma sau da yawa ba mai jifan yake kamawa ba, sai ƙaramin da ya zo wucewa. Na biyu, kada yaro ya matsa kusa da kare yana cin abinci ko yana barci ko yana ɗaure ko yana ciwo, balle karya mai shayar da 'yan kwikwiyo. Na uku, kada ya ja wutsiya ko kunnen kare, kada ya hau bayansa, kada ya kai fuskarsa kusa da tasa. Na huɗu, kada ya shiga gidan da ake da kare sai mai gida ya fito. Wannan ya shafi 'yan mata masu talla da almajirai da yaran da ake aike.

Haka kuma a koya wa yaro gane karen da ya fusata. Idan ya sandare, gashin bayansa ya miƙe, ya yage leɓe haƙora suka fito, yana gurnani, to gargaɗi yake yi. Kaɗa wutsiya ma ba kullum yake nufin murna ba. Idan baƙon kare ya nufo yaro, kada ya ruga da gudu yana ihu, domin gudu shi ke ta da kare ya bi, kuma babu yaron da ya fi kare gudu. Ya tsaya cik kamar turke, ya haɗa hannuwansa a jiki, ya kau da ido daga idon karen, ya bari ya shinshina ya wuce, sa'an nan ya ja da baya a hankali. Idan karen ya kai masa hari, ya miƙa masa jakar makaranta ko tiren talla ya ciza. Idan ya kā da shi ƙasa, ya dunƙule, ya rufe wuya da kunnuwa da hannuwansa, ya yi shiru. Jariri kuwa da yaro mai rarrafe, kada a bar su da kare su kaɗai ko da na gida ne, domin yawancin cizon da yara ke samu daga karen gida ne ko na maƙwabta, wanda kowa ke cewa ba ya cizo.

Ya kamata manya su ma su san alamun mahaukacin kare. Wani yakan canza hali, ya shiga yawo ba dalili, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya tarar, muryarsa ta sauya, yawu na dalala. Amma akwai wani iri da ba ya faɗa, sai ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya. Mai shi sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu a bakinsa don ya ciro. Kada kowa ya yi haka. Shanu da jakuna da awaki su ma suna kamuwa idan mahaukacin kare ya cije su, saboda haka makiyayi ya yi hattara da dabbar da ke dalalar da yawu bayan cizo. Masu fataucin karnuka zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a Jihar Filato, da masu fiɗar su, su ma suna cikin haɗari, domin kare yana iya ɗauke da cutar kafin ta bayyana sosai.

To, idan abin ya riga ya faru fa? Abu na farko shi ne ruwa da sabulu. A wanke raunin a ƙarƙashin ruwa mai zuba, ana cuɗawa da sabulu, har tsawon minti 15 cif, a duba agogo. Kowane irin sabulu ya isa, har na wanki. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗarin ƙwarai, kuma babu gidan da ya fi ƙarfinsa. Bayan haka a shafa aidin idan akwai. Kada a zuba barkono ko toka ko baƙin mai ko ruwan batir, kada a ƙona gashin karen a shafa kamar yadda wasu ke yi, kada a ɗaure raunin tamau. Sa'an nan a nufi asibiti a ranar, a nemi allurar rigakafin haukan kare da sunanta. Mutanen Birnin Kebbi suna da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, na Argungu suna da babban asibitin garin, na ƙauye kuma su fara da ɗakin shan magani mafi kusa don a nuna musu inda za su samu. Allurar ba guda ɗaya ba ce. Ana yin ta a ranar farko da ta uku da ta bakwai, wani tsarin kuma har da ƙari a bayan haka, kuma dole a kammala yadda likita ya tsara. Idan raunin mai zurfi ne, akwai wata allura ta dabam da ake yi a cikin raunin da kewayensa, kuma likita zai duba batun allurar tetanus. Mace mai ciki da jariri duk ana yi musu. Wanda aka cije shi makonni da suka wuce bai yi allura ba, shi ma ya je yau, muddin alamu ba su fito ba.

Mun san akwai masu cewa wannan ciwo aikin iska ne ko sammu, su kwashi yaro zuwa wurin boka ko ɗakin addu'a, a ɓata kwanakin da suka fi kowane daraja. Ba mu raina addu'a ba ko kaɗan. Amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, ya kuwa rayu, duniya ta san maganin wannan abu. Abin kunya ne a ce bayan shekaru fiye da 130 muna binne yara saboda shi.

Game da karen da ya yi cizon, idan na gida ne kuma lafiyarsa ƙalau, kada a yi gaggawar kashe shi. A tsare shi a wuri mai kyau, a ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana 10, a kuma sanar da likitan dabbobi. Amma kada a jira kwana goman kafin a fara yi wa yaro allura. Idan kuwa karen ya mutu ko an kashe shi, kada a farfasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kira ma'aikatan dabbobi, domin da ƙwaƙwalwarsa ake gwajin da zai tabbatar da cutar.

Ga masu karnuka, maganarmu gajeriya ce. Wanda ya ajiye kare ya ɗauki amana. A yi masa allurar rigakafi tun yana wata uku, a sabunta kowace shekara, a adana takardar shaida. A ciyar da shi don kada ya koma juji, a tsare shi a cikin gida da rana lokacin da yara ke kai da kawowa. Kuɗin allurar kare bai kai komai ba idan aka gwada da kuɗin allurar mutum, balle da rai. Idan karenka ya ciji ɗan maƙwabci, adalci shi ne ka fito da takardar allurarsa, ka kuma ɗauki nauyin magani, ba musu ba ɓoye kare.

Ga hukuma kuma, mu a namu ganin baza guba a titi don kashe karnuka ba mafita ba ce. Gubar tana iya faɗawa hannun yara ko bakin kaji da awaki, kuma ba a daɗewa wasu karnukan sun cike gurbin. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, ana maimaitawa shekara-shekara, cutar takan yanke. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya, a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta kawar da haukan kare da mutane ke ɗauka daga karnuka. Mu ma ba mu rasa kayan aiki ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924, tana yin allurar karnuka, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma tana yaye likitocin dabbobi. Da allura aka kawar da ciwon bushiya na shanu daga duniya a 2011, kuma da bin gida-gida tare da taimakon sarakuna aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Jihar da ke iya tara dubban masunta a Matan Fada cikin safiya guda ba za ta kasa tara karnukan garuruwanta a yi musu allura ba.

Don haka muna kira ga gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomi su ware kuɗi kowace shekara don allurar karnuka kyauta, unguwa-unguwa da ruga-ruga, har zuwa garuruwan kan iyaka irin su Kamba da Kangiwa, tun da kare bai san iyakar Nijeriya da Nijar ba. A tabbata akwai allurar mutane a cikin firji a kowane babban asibiti, a kan farashin da talaka zai iya, domin uban da aka ce ya sake yin doguwar tafiya neman allura sau da yawa gida yake komawa. A gyara kwashe shara a kasuwanni da mahauta. Muna roƙon masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru su umarci hakimai da masu unguwanni da sarakunan farauta su ba da haɗin kai. Limamai da fastoci su yi sanarwa ga mabiyansu, malaman firamare da na allo da na makarantar Lahadi su koya wa yara ka'idojin nan da muka zana.

A shekarar 2015 hukumomin duniya suka tsai da 2030 a matsayin shekarar da ake so a daina rasa rai saboda haukan kare, kuma ana ware ranar 28 ga Satumba kowace shekara don tunatar da jama'a. Lokaci yana tafiya. Amma tun kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowane gida zai iya yi a daren yau: a tara yara bayan tuwo, a gaya musu su bar jifan kare, su tsaya cik idan ya nufo su, su kuma faɗa da wuri idan ya taɓa su. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, amin.