Wanda Ya Zo Na Ƙarshe Ma Ya Biya Kuɗin Rajista

Rabin gudun famfalaki tsere ne na kilomita 21 da mita 97 da rabi, wato rabin cikakken famfalaki mai kilomita 42 da mita 195. Gwanayen duniya suna cinye wannan nisa cikin ƙasa da awa ɗaya. Yomif Kejelcha na Habasha ya gama shi a minti 57 da daƙiƙa 30 a birnin Valencia a 2024. Amma yawancin masu tsayawa a layin tashi ba sa'o'in Kejelcha ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan jinya, da direbobi, da matan aure, da 'yan fansho, waɗanda sai sun yi awa biyu zuwa uku a kan hanya. Ba sa sa ran kyauta, lafiyar jiki da gwada kai ne suka fito da su. Su suka fi yawa, kuɗin rajistarsu ya fi na kowa auki, kuma a da yawa daga cikin tseren da ake shiryawa a garuruwanmu su ake wulaƙantawa.

Abin ya fi ciwo a Jos, domin babu garin da ya kamata ya san darajar mai gudu kamarsa. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarsa da sanyi, kuma wanda ya saba hawa da gangara a nan huhunsa da ƙafarsa sun sha horo bai biya ko kwabo ba. Tun da aka fara gudun famfalaki na Legas a 2016, idan aka zo lissafin 'yan Najeriya da suka riga isa, sunayen 'yan Filato irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang ake ji, kuma Pankshin ta yi suna wajen fitar da masu dogon gudu. A unguwar Kabong ma, wanda ya fito da asubar Asabar zai ga maza da mata suna sassarfa daga Gada Biyu zuwa hanyar Rukuba, wasu da kambas ɗin gwanjo na kasuwar Katako, wasu sun rufe kunne da hular sanyi. A cikinsu ake samun mutumin da ya yi wata uku ko huɗu yana shiri, ya tsakura daga albashinsa ya yi rajista, ya karɓo lambar ƙirji.

Ranar tsere tana fara masa tun daren jajibere. Yakan ci abinci da wuri, shinkafa ko dankalin Turawa ko tuwon acca, ya guji yaji da duk abin da cikinsa bai saba da shi ba. Yakan maƙala lambar a riga da fil huɗu tun da dare, don yatsu ba sa iya fil a sanyin asubar Jos. Ƙarfe huɗu ya tashi, ya sha shayi da ɗan burodi, saboda ciki yana bukatar awa biyu zuwa uku kafin a fara gudu. Keken haya ba ya samuwa da sauƙi a wannan lokaci, sai dai ya taka ko ya roƙi maƙwabci mai mota. Duk lissafinsa, na abinci da na ruwa da na zagayawa, ya ɗora shi a kan lokacin da aka buga a takarda, cewa za a tashi ƙarfe shida da rabi.

Sai shida da rabi ta yi, ba a tashi ba, wai babban baƙo bai iso ba. Bakwai ta yi. Mai gabatarwa yana ta faɗa a lasifika cewa mai girma yana kan hanya, a ƙara haƙuri, ana ta sakin kiɗa don a rufe kunyar. Mutanen da suka ɗumama jiki, suka cire rigunan sanyi suka miƙa wa 'yan'uwa, suna tsaye a singileti jikinsu yana hucewa kamar tuwon da aka kwashe aka bari a buɗe. Shayin ƙarfe huɗu ya bi jiki, yunwa ta fara. Fitsari ya matsa, ba a tanadi makewayi ba, maza suna bin bayan katanga, mata kuwa sai daurewa. Can wajen takwas a ji jiniya. Mai girma ya sauko, kuma ba ya busa usur nan take, sai an gabatar da shi, an gabatar da wakilin wane da uwargidan wane, an yi jawabin maraba, an yi na masu ɗaukar nauyi, shi ma ya yi nasa a kan muhimmancin motsa jiki, ga mutanen da suka tashi tun ƙarfe huɗu don su motsa jiki.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a filin tsere ba. Ita ce ke shanya 'yan firamare a rana kowace 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba har wasu su faɗi a layin fareti, ita ce ke mayar da bikin yaye ɗalibai na ƙarfe goma ya koma na ƙarfe ɗaya. An mayar da latti alamar girma, har ƙaramin jami'i ma yana ganin zuwa a kan lokaci zubar da aji ne. A masallaci an koyar cewa saɓa alkawari yana cikin alamomin munafunci, a coci an koyar cewa i ɗin mutum ta zama i, kuma Bahaushe ya ce alkawari kaya ne. Lokacin da aka buga a takarda aka karɓi kuɗin mutane a kansa alkawari ne. Busa usur kuwa ba ya bukatar rawani ko babbar riga, kowane alƙalin wasa zai iya. Idan mai girma yana son hoto, ga layin ƙarewa can, ya je ya zauna a inuwa ya jira.

A wurin biki latti gajiya kawai yake jawowa, a wurin tsere yana iya cin rai. Jikin mai gudu yana haifar da zafi mai yawa, yana fitar da shi ta gumi, kuma idan rana ta ɗaga, musamman a Maris da Afrilu, gumin ba ya wadatarwa. Zafin jiki idan ya haura digiri 40 mutum yakan rikice, ya yi tangaɗi, ya yanke jiki ya faɗi. Dalilin da ya sa ake fara tseren Legas da sassafe ke nan. Gwani da zai gama cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ya tsira ko da an makara, domin kafin rana ta yi ƙarfi yana shan ruwa a rumfa. Mai awa biyu da rabi shi zai kai ƙarfe goma sha ɗaya a kan kwalta. Kowane minti da mai girma ya ɓata, wanda ya fi kowa rauni a filin shi ke biyansa.

Da an busa usur sai a kwasa a guje, kuma a nan mai gudun ma yana da nasa laifin. Ɗoki da haushin jira sukan sa ya bi yara matasa a kilomita uku na farko da saurin da bai taɓa yi a atisaye ba, alhali sannu ba ta hana zuwa. Hanyoyin Jos ba sa yafe wannan, domin kowace gangara tana da hawanta a gaba. Daga kilomita 15 zuwa 18 ake biyan bashin: ƙafa ta yi nauyi, sha-raɓa ta fara ɗaurewa, bakin safa ya fara cin fata, mutum ya koma ƙidaya turakun lantarki.

Daidai nan yake bukatar ruwa, kuma daidai nan yake tarar da tebur wayam. Ƙa'idar hukumar wasannin guje-guje ta duniya ita ce a ajiye wurin shan ruwa kusan kowane kilomita 5 a dogon tsere, kuma ba ta ce na goman farko kaɗai ba. Abin da na baya yake samu shi ne ledojin fiya wata da aka tattake, da kwali a kife, masu rabon sun tafi kallon raba kyauta, ragowar jakunkunan kuma 'yan kallo sun yi awon gaba da su. Sau da yawa mai ceton sa wata mai shago ce a bakin hanya da ta ga idonsa ya juya, ta fasa jakarta ta miƙa masa ba ta tambayi kuɗi ba. Kowa ya ji labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, kowa ya ji cewa kofin ruwan sanyi ba ya rasa lada. Mai shago ta riƙe darasin, wanda ya karɓi kuɗin rajista ya manta. Ledojin nan kuma ba mai sharewa, suna nan har ruwan sama ya kwashe su ya cusa a kwalbati, sannan a zo ana kukan ambaliya.

Hanya ma haka. Da motar da ke gaban gwanaye ta wuce, sai a ɗage shinge, jami'an da aka girke su bi ayarin manya. Mutumin da ya gaji har ba ya iya waiwaye sai ya tsinci kansa tsakanin keke da tipar yashi, ana danna masa oda. A tseren da aka tsara da hankali akan sanar tun farko cewa hanya za ta kasance a rufe na awa kaza, a sa mota a bayan mutum na ƙarshe ta ɗauki wanda ya kasa, motar asibiti kuma tana kusa. Gasar Great North Run ta Ingila, wadda ake yi daga Newcastle zuwa South Shields tun 1981, dubun dubatar mutane ke shiga, kusan dukkansu masu gudun sha'awa, kuma don su ake rufe hanyar. Ba a ce Jos ta yi irin kuɗinsu ba. Rufe hannu ɗaya na titi na awa uku da safiyar Asabar bai fi ƙarfin kowace hukuma ba, tunda ana rufe shi fiye da haka idan babban mutum zai wuce.

'Yan bakin titi su ma da nasu. Akwai masu tafi da kirari, Allah ya saka musu. Akwai kuma mai zaune a benci da tumbinsa yana ihu, “Baba, wa ya biyo ka?” ko “Mama, a hau keke mana!” Mace kuwa abin da take ji game da jikinta da suturarta bai dace da takarda ba. Mai wannan ihun ba zai iya hawa daga Gada Biyu zuwa mahaɗa ta gaba ba sai ya tsaya haki. Akwai kuma waɗanda suke bin shawarar da gaske, su faɗa keke a lungu, su sauka kusa da ƙarshe, su watsa ruwa a fuska, su karɓi lambar yabo su ɗora hoto a Facebook. Sata ce, ko da abin da aka sata ƙarfe ne mai igiya, domin lambobin a ƙidaye suke, kuma wanda ya taka kowace mita da ƙafarsa shi zai zo a ce masa sun ƙare.

A layin ƙarewa yakan tarar ana naɗe rumfuna, ana loda kujeru, mai girma ya daɗe da tafiya. Abin da ya kamata ya yi ya san shi: kada ya zauna nan take, ya ɗan taka na mintuna, ya sha ruwa a hankali, in da hali ruwan gishiri da sukari, ya ci ayaba ko wani abu mai sauƙi, ya sauya jiƙaƙƙiyar riga. Duk wannan da kuɗin aljihunsa zai yi, sannan ya nemi keken komawa Kabong. Cinyoyi za su yi tsami kwana biyu zuwa uku, gangara ta fi hawa wahala, wani farcen ƙafa ma yakan yi baƙi ya fita. Lokacin da ya gama tseren kuwa, in ba shi da agogon kansa ko waya mai ƙidaya, babu inda zai same shi a rubuce, domin mai riƙe da takardar ya rufe ta tun a kan mutum na ashirin.